Cinikin Mota da Iska: Daga Le Mans zuwa Tashar Yari

Laccar da aka gabatar a Makarfi ga ɗalibai da makanikai da direbobi

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu masu riƙe da sarauta, Allah ya ƙara muku lafiya. Malamai, shugabannin tasha, iyayen gidanmu makanikai da masu gyaran bodi, da ƙannena ɗalibai maza da mata da kuka taso daga Ikara da Hunkuyi da nan cikin Makarfi, sannunku da zuwa.

An nemi in yi bayani a kan yadda injiniyoyi ke fasalta jikin motocin dogon tsere domin su zauna lafiya da iska. Na san akwai wanda ke zaune a nan yana cewa a ransa, mu da muke fama da kuɗin taki da na fetur, ina ruwanmu da wasan Turawa? Tambayar tana kan hanya. To amma duk direban da ya hau titin Zariya zuwa Kano ya haura kilomita 80 a awa, babban kaso na man da yake ƙonawa a ture iska yake tafiya. Da can ba a damu ba, mai na da araha. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafi, wannan kaso ya zama kuɗin cefane. Mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake rage wannan asara kuwa su ne masu ƙera motocin da zan ba ku labari.

A ƙasar Faransa akwai wani gari, Le Mans. Tun 1923 ake yin tsere a can na awa 24 cur, daga la'asar ɗin Asabar zuwa la'asar ɗin Lahadi, a watan Yuni. Zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 13 da rabi, kuma wani ɓangarensa titin jama'a ne da ake rufewa don tseren. Direbobi 3 ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, wadda ta fi cin nisa kafin lokaci ya cika ita ta yi nasara. A 2010 motar Audi da ta zo ta ɗaya ta yi kilomita 5,410. Wato a tashi daga Kano a je Legas a dawo, a sake zuwa a dawo, a kuma komawa, duk cikin dare ɗaya da yini ɗaya. Motocin da ke kan gaba a wannan tsere ba irin na kasuwa ba ne, ana ƙera su ne musamman, 'yan ƙalilan.

Kada wani ya ɗauka sunayen baƙi ne gare mu. Kamfanin Peugeot, wanda masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci a 1975, wanda 504 ɗinsa ta yi jigilar iyayenmu, J5 ɗinsa kuma har gobe tana ɗaukar tumatir ɗin Ikara, ya ci wannan tsere a 1992 da 1993 da motarsa 905, ya sake ci a 2009 da 908 mai amfani da gas. Toyota, mai Hiace da Corolla, ta ci sau biyar a jere daga 2018 zuwa 2022.

Ni a ganina wannan tsere ya fi kowanne kusa da sana'ar direban haya. A gajeren tsere, gudu ne kawai abin nema. A nan kuwa duk mintin da mota ta ɓata a wurin shan mai ko gyara, abokan hamayya sun yi gaba. Dole mota ta yi gudu, ta yi tattalin mai, kada ta cinye taya, kada ta yi zafi, kada ta gajiyar da direba da ƙarfe uku na dare ana ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da hannun iska a ciki.

Mu fara da abin da ido ba ya gani. Iska tana da nauyi. Ɗaki mai tsawon mita 10, faɗin mita 10, tsayin mita 3, iskar da ke cikinsa ta haura kilo 300. Mota na tafiya, tana ture wannan nauyi gefe ba hutawa. Idan aka ɗauki allon katako mai mita ɗaya kowane gefe aka tsayar da shi a kan mota mai gudun kilomita 100 a awa, iska za ta tura shi da ƙarfin da ya kai nauyin buhun siminti guda, wajen kilo 50. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne yadda wannan turjiya ke hauhawa. Idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar sau huɗu take ninkawa. A kilomita 200 buhu huɗu ke nan, a 300 buhu tara. Ƙarfin injin da ake buƙata ya ma fi haka tashi: ninka gudu sau biyu na neman ƙarfi ninki takwas. Shi ya sa direban da ya bar 100 ya koma 120 yake ganin ɗan ƙari ya yi, alhali turjiyar iska ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari.

Saboda haka abin da magabata a wannan fanni suka fara nema shi ne santsi. Malcolm Sayer, wanda ya fasalta Jaguar D-Type da ta ci tseren a 1955 da 1956 da 1957, daga masana'antar jiragen sama ya fito. Ya yi wa motar jiki mai sulɓi kamar an lailaye shi, sannan ya kafa mata wani tsayayyen fiffike a bayan kan direba don kada ta riƙa yawo a miƙaƙƙiyar hanya. A Le Mans akwai wata miƙaƙƙiyar hanya da ake kira Mulsanne, wajen kilomita 6 a wancan zamani kusan ba kwana. Duk wanda motarsa ta fi ratsa iska a nan ya ci riba a kowane zagaye.

Sai dai santsi na zuwa da nasa sharrin. Kowa a nan ya ga abin da iskar farkon damina ke yi wa rufin kwano. Ba dannawa take yi ba, yaye shi take yi ta yi sama da shi. Dalili shi ne iskar da ke gudu a saman rufin matsinta ya ragu, ta cikin ɗaki kuma tana nan da ƙarfinta, sai ta tura kwanon sama. Mota mai ƙusumbin baya mai sulɓi haka take: iskar da ke bi ta samanta na sauri, matsi na raguwa, motar na yin sauƙi. Taya kuwa iya nauyin da ke kanta, iya riƙon da take yi wa kwalta. Da zarar mota ta yi sauƙi, sitiyari ya zama ado.

Haka ta faru da Porsche 917 a 1969. An yi mata doguwar jela don ta ratsa iska, aka sa mata inji mai silinda 12. Gudu kam ba a magana, amma a kan Mulsanne sai ta riƙa lilo daga wannan gefen titi zuwa wancan, har ƙwararrun direbobi suka riƙa gudun shigarta. Wani Bature ɗan Ingila, John Woolfe, da ya sayi guda da kuɗinsa, a zagayen farko na tseren wannan shekara ya rasu a cikinta. An yi ta taɓa sifirin da shokozoba ana zaton a nan matsalar take.

A watan Oktoba na shekarar aka kai motar gwaji filin Zeltweg a ƙasar Ostiriya. A nan wani injiniya mai suna John Horsman ya tsaya yana kallon jikinta bayan ta dawo daga zagaye. Ya ga gaban motar da gilashinta duk matattun ƙananan ƙwari sun manne, amma 'yan fikafikan da ke ƙarshen jelar tas suke, kusan ba ƙwaro ko ɗaya. Sai ya gane cewa iskar ba ta ma isa wurin. Tana rabuwa da jikin motar tun daga sama, ta bar jelar cikin rububi, don haka babu abin da ke danne bayan motar. Shi da makanikansa suka samo falankin alminiyam, suka yanka, suka ɗaure da kusoshi da salatif, suka ɗaga bayan motar ya zama gangare mai hawa sama. Direba ya fita ya dawo ya ce yanzu ta zama mota. Mutanen Porsche na da nasu zancen a kan wanda ya fara kawo dabarar, wannan kuma rigimarsu ce. Abin da ba a musu a kai shi ne motar mai sabuwar gajeriyar jela ita ta ci Le Mans a 1970 da 1971, kuma nisan da ta yi a 1971, kilomita 5,335, sai bayan shekara 39 aka wuce shi.

Ku lura da abu guda: sabuwar jelar ta ƙara turjiya. Motar ta rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma zagayenta ya fi sauri, domin direba ya samu natsuwar taka totur, ya shiga kwana da ƙarfi, ya jinkirta taka birki. Wannan shi ne cinikin da ke ƙarƙashin sana'ar baki ɗaya. Kana son iska ta danna maka mota ƙasa, sai ka biya da turjiya. Kana son ka tsere wa turjiya, sai ka biya da riƙon ƙasa. Taura biyu ba ta taunuwa. Gwanintar injiniya ita ce ya sayi danniya mai yawa da turjiya kaɗan.

Wani zai ce, in nauyi ake so a kan taya, me zai hana a loda wa motar ƙarfe? Ƙarfen zai danna taya, gaskiya ne, amma a kwana shi ma sai an juya da shi, a birki sai an tsayar da shi, a tashi sai an ja shi. Abin da ya ba ka da dama ya karɓe da hagu. Danniyar iska kuwa tana danna taya ba tare da ta ƙara wa motar ko kilo ɗaya da za a ja ba. Ana samun ta ta hanyar kifa fiffiken jirgin sama. Jiragen koyon tuƙi da kuke gani suna shawagi daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, fikafikansu an lanƙwasa su ne don su ɗaga. Juya shi ciki ya koma sama, sai ya danna. Wani Ba'amurke, Jim Hall, ya zo Le Mans a 1967 da motarsa Chaparral ɗauke da irin wannan fiffike can sama a kan sanduna, direba na iya kwantar da shi da ƙafa a miƙaƙƙiyar hanya. Daga baya aka hana fiffike mai motsi.

Hanya mafi araha ta samun danniya ba a sama take ba, a ƙarƙashin mota take. Idan aka matse iskar da ke shiga tsakanin cikin mota da kwalta, sannan aka buɗe mata hanya a hankali ta baya, sai ta yi sauri a matsatsin, matsinta ya faɗi, motar ta tsotsu zuwa ƙasa. Porsche 956 da ta fito a 1982 da irin waɗannan ramuka biyu a cikinta ta zo, ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a shekararta ta farko. A wannan zamanin ne kuma aka ƙayyade wa kowace mota yawan man da za ta sha a tsere, don haka duk wanda ya yi almubazzaranci da turjiya, tankinsa zai ba shi amsa kafin gari ya waye.

Akwai waɗanda suka zaɓi ɓangare ɗaya na cinikin suka bar ɗayan, kuma labarinsu ya shafi Peugeot. Wasu ma'aikatan kamfanin biyu, Gérard Welter da Michel Meunier, suna da 'yar ƙungiyarsu ta tsere da suke yi a lokacin hutunsu, mai suna WM. A 1988 suka ƙudura cewa sai motarsu ta haura kilomita 400 a awa a kan Mulsanne. Suka rufe tayoyi, suka rage fiffike, suka toshe kafofin shan iska da salatif. Direbansu Roger Dorchy ya kai gudun da aka sanar a matsayin 405, lambar da ta yi daidai da sabuwar Peugeot 405 da ake tallatawa a lokacin. Ba a jima ba inji ya yi zafi, motar ta fita daga tseren tun ba a kai rabi ba. Jaguar ce ta ɗauki kofi. A 1990 aka saka kwana biyu a tsakiyar Mulsanne don a rage gudu, saboda haka wannan lamba tana nan ba a taɓa ta ba.

Makanikai, wannan ɓangaren naku ne. Duk iskar da ta shiga lagireto ko ta je sanyaya birki, turjiya ce. Injiniyan tsere yana auna ƙofar shigarta da ta fitarta kamar mai auna zinariya, domin in ta yi faɗi an yi asarar gudu, in ta yi ƙanƙanta an yi asarar inji. Kuma ba ya barin iskar ta zaga gefen lagireto, sai ya yi mata shinge ta bi ta cikinsa dole. Motocin da ke zuwa garejinku ma haka aka yi su. Robar da ke kewaye da fanka, da wadda ke ƙarƙashin inji, da 'yar siket ɗin da ke ƙasan bamba, duk aikinsu ke nan. Na sha ganin yaron gareji ya kwance robar ƙarƙashin inji don ya juye baƙin mai, ya ga mayar da ita wahala ne, ya jefar. Bayan wata biyu mai mota ya dawo yana kukan zafi, sai a cire masa tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. An yi maganin alama, an bar cutar.

Sai kuma shekarar 1999, wadda duk mai wannan sana'a ba ya mantawa da ita. Mercedes ta zo da mota mai suna CLR, doguwa, shimfiɗaɗɗiya, mai dogon hanci da lafaffen ciki, an rage mata danniya don ta yi gudu. Ranar Alhamis wajen gwaji, motar Mark Webber ta ɗaga hanci ta tashi sama ta wuntsila. Aka gyara. Ranar Asabar da safe ta sake yi masa haka. Aka ƙara wa sauran motocin 'yan fikafikai a hanci aka shiga tsere. Da yamma Peter Dumbreck na bin bayan wata Toyota, suka hau ɗan tudu, motarsa ta tashi ta yi ta juyi a sama ta faɗa cikin itatuwa a gefen hanya, duniya na kallo a talabijin. Allah ya yi da sauran kwanansu, dukansu biyu sun rayu. Abin da ya faru shi ne motar gaba ta hargitsa iskar da ya kamata ta danna hancin ta baya, tudu kuma ya ɗan ɗaga hancin. Da iska ta samu shiga ƙarƙashin wannan faffaɗan ciki, motar gaba ɗaya ta zama fiffike. Mercedes ta janye sauran motarta nan take.

Irin wannan ne ya sa masu doka suka shigo da ƙarfi. Daga 2011 aka wajabta wani dogon tsayayyen allo daga bayan kan direba zuwa fiffiken baya, domin in mota ta juya gefe cikin gudu ya karya iskar da za ta ɗaga ta. Daga 2012 aka wajabta huda manyan kafofi a rufin tayoyi don iskar da ta taru a ciki ta samu mafita. Ba su ƙara wa motocin kyau ba, amma ba a tambayi mai zane ba.

Dokar da ake bi tun 2021 ta canza salon wasan. Maimakon a ce wa injiniya ga tsawon fiffike ga faɗinsa, sai aka ce ya zana abin da ya ga dama, amma za a kai motar ɗakin gwajin iska, a lokacin na Sauber a Siwizalan, a auna. Danniyarta kada ta wuce wajen ninki huɗu na turjiyarta, nauyinta kada ya gaza kilo 1,030, ƙarfin inji wajen doki 670. Peugeot ta duba wannan doka ta ce ashe ana iya cika ma'aunin da ƙarƙashin mota kaɗai. A watan Yulin 2022 a filin tseren Monza ta fito da 9X8, motar da ba ta da fiffiken baya sam. A ɗakin gwaji lissafin ya fita. A kan hanya kuwa, tsotson ƙasa yana son tazarar da ke tsakanin mota da kwalta ta zauna daram, in hanya na da gargada sai danniyar ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, direba ya rasa abin da zai dogara da shi. Ga shi kuma an sauya dokar faɗin taya bayan sun riga sun gama zanensu. Ta ɗan jagoranci tseren Le Mans na 2023 cikin ruwan sama, ta zo ta uku a Monza a shekarar, amma a 2024 sai ga ta da fiffike. Ferrari ce ta ci 2023 da 2024 da 2025. Ni dai ban ga abin dariya a yunƙurin Peugeot ba. Sun karanta doka da kyau, hanya ce ta ƙi karanta ta tare da su.

Ko ɗan'uwanmu Jelani Aliyu na Sakkwato, wanda ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a Detroit a 2007, motar da ta fito kasuwa a ƙarshen 2010 ta sha bamban da samfurin, domin da aka kai ɗakin gwajin iska sai da aka lailaye kusurwoyinta don batir ya ƙara nisa. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da suka ƙera ABUCAR don gasar tattalin mai ta Shell Eco-marathon su ma wannan lissafi suka tarar a gabansu.

Yanzu mu dawo gida. Babu wanda zai kawo tsotson ƙasa hanyar Ikara, tudun rage gudu na farko zai kwashe cikin motar. Fiffiken roba da samari ke ɗaura wa bayan Golf ko Civic kuma, a gudun da muke yi, in ya yi wani aiki to ƙarin shan mai ne. Namu cinikin a wajen lodi yake. Turjiya na tafiya da abu biyu: faɗin fuskar da mota ke nuna wa iska, da kuma kyan siffarta. Kwandunan tumatir da aka jera tsaye a kan rufin bas sun ɓata duka biyun. Kaya iri ɗaya, nauyi ɗaya, in aka kwantar da su, aka sa gajeru a gaba dogaye a baya, aka ja tamfol aka ɗaure tamau, man da za a sha zuwa Kano ba zai zama ɗaya ba. Raken Kudan da Makarfi in an shimfiɗa shi bisa tsawon mota ya fi wanda ya yi cirko-cirko ta gefe. Ku kalli tamfol ɗin tirela a kan hanya, za ku ga ya kumbura sama daf da bayan kan motar. Wurin da matsi ya faɗi ke nan, kuma duk kaɗawar da yake yi, gas ne ke tafiya. Wannan hular da ake ɗora wa kan tirela ba kwalliya ba ce, iska take ɗagawa ta haye bodi maimakon ta yi karo da shi.

Akwai abin da ya fi tattalin mai muhimmanci. Bayan kowace mota mai yankakken baya akwai rububin iska da ke juyowa yana bin ta. Shi ya sa gilashin bayan bas ko Sharon ke yin ƙura fiye da na gefe. Idan aka bar but a buɗe saboda kaya sun yi yawa, wannan rububi na iya jawo hayaƙin salansa ya shigo da shi cikin mota. Fasinjan baya ya ce kansa na ciwo, yara su yi ta gyangyaɗi, a ce gajiyar hanya ce. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari. 'Yan acaɓa kuma ku sani, tirela in za ta wuce ku, iskar gabanta za ta fara ture ku waje, ta gefenta kuma ta jawo ku ciki wajen tayoyi. Wanda ya ɗauko kwano ko katifa a bayan babur ya ninka wannan haɗari.

Ɗalibai, ba sai kun jira ɗakin gwajin iska ba. Abin da Horsman ya karanta a jikin ƙwari, mu hunturu na rubuta mana shi kyauta. A wanke mota, a yi tafiya da ita a kan kwalta, a dawo a duba inda ƙura ta kwanta da inda ta share. Sayer da zaren ulu yake aiki: a yanka shi guntu-guntu kamar tsawon yatsa, a manna layi-layi da salatif a rufi da but, wani ya bi a wata motar yana ɗauka da waya. Inda zare ya kwanta lif, iska na manne da jiki. Inda yake rawa ko ya juyo gaba, ta rabu.

In kuna son lamba, ku nemi shimfiɗaɗɗen wuri inda ba motoci, da ƙwararren direba, da izinin malaminku. A kai kilomita 80, a sa furi, inji na aiki don kada birki da sitiyari su yi tauri, a duba agogo a ga daƙiƙa nawa za ta ɗauka kafin ta sauko 50. A yi da kaya a rufi, a yi babu, a yi da tamfol a sake, a yi da shi a ɗaure, iskar taya kuma kada ta canza. Kowane gwaji a yi shi zuwa da dawowa a raba biyu. Dalili kuwa, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kusan daidai inda hanyar Kano ta dosa daga Tashar Yari. Mai tafiya Kano a kan 100, in iskar da ke fuskantarsa ta kai 20, motarsa ji take kamar tana kan 120, mai dawowa Zariya kuma kamar yana kan 80. Wanda ya auna ta gefe ɗaya kawai, hunturu ya auna, ba motarsa ba.

Shugaba, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi, kuma ina roƙon a fara ba direbobin J5 dama.